Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu wuraren wasa da shaƙatawa: ku riƙe tsohon lilo kafin ku sayo sabo

Zuwa ga masu mallakar wuraren wasa da shaƙatawa, da manajojinsu, da hukumomin da ke ba su izinin buɗe ƙofa.

Ranku ya daɗe, ina gaishe ku tare da fatan alheri.

Ni uba ne, kuma ina cikin masu ƙaunar sana'arku. Ban yarda da masu cewa hawa lilo ɓarnar kuɗi ce da ɓata lokaci ba. Wurin da zai haɗa yaro da kakarsa, ya haɗa mai hali da wanda ya daɗe yana tara kuɗin tikiti, kowa ya fito yana dariya, ba ƙaramin alheri yake yi wa jama'a ba. Don haka ku karɓi wannan wasiƙa a matsayin gyara kayanka, wanda ba ya zama sauke mu raba.

Maganata guda ce. Hankalinku da kuɗinku sun karkata ga sabon abu, wanda ya fi tsawo, ya fi gudu, ya fi kyau a allon talla, alhali abin da ke riƙe da wurinku, yake kuma riƙe da ran 'ya'yanmu, shi ne aikin da ba a gani: ɗaure noti, sa giris, kankare tsatsa, duba walda, sauya katakon da ya ruɓe. Ina roƙonku ku mayar da wannan aiki gaba da komai. Wurin da ya iya kula da tsoffin kayansa shi ne yake daɗewa, shi ne kuma yake da tarihin da mutane za su biya kuɗi su zo su gani.

Sana'ar nan taku ta tsufa ƙwarai. Wurin shaƙatawa mafi daɗewa da har yanzu ke aiki shi ne Bakken a ƙasar Danmak, wanda asalinsa ya koma 1583, lokacin da jama'a suka fara tururuwa zuwa wata maɓuɓɓugar ruwa a daji, 'yan tireda da masu wasa suka biyo su. A birnin Kopenhegen kuma akwai Tivoli, wanda Georg Carstensen ya buɗe a watan Agustan 1843. Walt Disney ya ziyarce shi kafin ya buɗe Disneyland a 1955. Tivoli na da sababbin kayan wasa na zamani, amma har yau ɗaya daga cikin waɗanda aka fi so shi ne jirgin hawa-da-gangara na katako da aka gina a 1914. Jirgin nan ba kwamfuta ke tsayar da shi ba. Ma'aikaci ne yake zaune a cikinsa tare da fasinjoji, hannunsa a kan sandar birki, yana rage gudu a inda ya kamata, yana saki a inda ya kamata. Haka ma ake yi a wani jirgin irinsa a Melbourne ta Ostireliya, wanda yake aiki tun 1912. Kaka ta hau, 'yarta ta hau, jika ya hau. Babu kamfanin da zai sayar muku da irin wannan ko nawa kuka kai masa, domin shekaru sama da ɗari na kafintoci da makanikai ne suka samar da shi.

Ku dubi labarin manyan lilo biyu masu siffar ƙafar keke. Na farko shi ne wanda injiniya George Ferris ya gina don baje kolin duniya na Shikago a 1893. Tsayinsa kusan mita 80, yana da ɗakuna 36, kowane ɗaki na ɗaukar mutum 60. Duniya ta yi ta labarinsa. Bayan shekara goma sha uku kacal, a 1906, aka sa masa nakiya a St. Louis aka sayar da ƙarafunansa. Na biyun shi ne na Prater a birnin Viyana, wanda aka gina a 1897, tsayinsa kusan mita 65. Shi ma an ba da izinin rushe shi a 1916, rashin kuɗin rushewar ne ya cece shi. Ya ƙone a yaƙin duniya na biyu, aka gyara shi, ya koma aiki a 1947 da ɗakuna 15 maimakon 30 da yake da su a da. Sun rage nauyin da yake ɗauka, sun ci gaba da kula da shi, ga shi yau ya zama alamar birnin baki ɗaya. Na Shikago ya fi shi girma, ya riga shi zuwa, amma bai samu masu riƙe shi ba.

Na san amsar da za ku ba ni, kuma ba ƙarya ba ce: jama'a na son sabon abu, in ba a kawo sabo ba sai su koma wurin maƙwabci. Gaskiya ne kayan wasa sun sha canzawa, kuma canjin ya kawo ci gaba. Jirgin da LaMarcus Thompson ya buɗe a Coney Island ta Niyok a 1884 gudunsa bai wuce na mai keke a hankali ba. A 1919 John Miller ya yi rajistar dabarar sa taya a ƙarƙashin layin dogo, ta yadda jirgi ba zai tashi daga kan layi ba komai tsananin gangara. A 1959 Disneyland ta fito da layin da aka yi da bututun ƙarfe, wanda ake iya lanƙwasa shi yadda aka ga dama, daga nan aka samu jiragen zamani da ke kifa mutum kai ƙasa. Ba na adawa da ko ɗaya. Amma ku duba abin da tseren tsawo ya haifar. Jirgin Kingda Ka, a jihar New Jersey ta Amurka, an buɗe shi a 2005 da tsayin mita 139, ya yi shekaru yana riƙe da kambin wanda ya fi kowa tsawo a duniya. A watan Fabrairun 2025 aka rushe shi, bai kai shekara ashirin cif yana aiki ba. Ba nisa da nan, Cyclone na Coney Island, ɗan katakon nan na 1927 da bai kai mita 30 ba, wanda aka so a rushe a shekarun 1970 jama'a suka tsaya masa, har yanzu ana bin layi a hau shi.

Bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato rai da lafiya.

Idan haɗari ya faru a wurin wasa, kalmar farko da ake jefa wa iyaye ita ce tsautsayi. Amma duk wanda ya karanta sakamakon binciken manyan haɗurran da suka faru zai ga cewa kusan kowane ɗaya yana da wani aiki da aka ɗage, ko wata alama da aka gani aka kau da kai. A ranar 30 ga Mayun 1972, a wurin wasa na Battersea a Landan, igiyar da ke jan jirgi zuwa sama ta tsinke, birkin da ya kamata ya hana shi komawa da baya bai kama ba, yara biyar suka mutu. Wurin bai ƙara farfaɗowa ba, aka rufe shi a 1974. A ranar 5 ga Mayun 2007, a Expoland da ke Osaka ta Japan, sandar ƙarfen da tayoyin wani jirgi ke juyawa a kanta ta karye, wata budurwa ta rasa ranta. Bincike ya nuna ba a taɓa sauya sandunan ba tun da aka fara amfani da jirgin a 1992, kuma an ɗage babban binciken da ake kwance jirgin a yi masa duk shekara. Ƙarfe na gajiya. Duk zagayen da jirgi ya yi, ƙarfen na ɗan lanƙwasawa ya miƙe, har wata 'yar tsaga da ido ba ya gani ta ɓullo, ta yi ta girma a ɓoye. Ana gano irin wannan tsaga, amma sai an kwance kayan, an wanke su, an gwada su da maganaɗisu ko da na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe. Aikin na cin kwanaki, kuma a kwanakin nan lilo ba ya kawo ko sisi. A nan ne jarrabawarku take. Expoland ma an rufe shi gaba ɗaya a 2009.

A watan Yulin 2017, a bikin baje koli na jihar Ohio, kujerun wani lilo suka ɓalle yana tsakiyar kaɗawa, wani matashi ya mutu. Kamfanin da ya ƙera shi ya ce tsatsa ce ta cinye ƙarfen daga ciki. Daga waje ba a ga komai ba. Wannan ya tsaya mini a rai domin na taɓa ganin makamancinsa da idona a wani wuri da ba zan ambaci sunansa ba. An shafa wa wani lilon yara sabon fenti ja, yana ta ƙyalli. Da na durƙusa zan ɗaure wa ɗana bel, sai na ga fentin ya kumbura a gindin kujerar, inda ruwan sama ke kwanciya. Na danna da babban yatsa, wurin ya fashe, garin tsatsa ya zubo mini a tafin hannu. Makullin bel ɗin kuma ya lalace, an ɗaure shi da waya. Na sauke yaron yana kuka, na je na gaya wa ma'aikacin da ke wurin. Bai musa ba, bai kuma yi mamaki ba. Ya ce ya sha faɗa.

Wannan "ya sha faɗa" shi ne abu na biyu da nake so ku ji. Kayan aiki kaɗai ba sa tsare rai, sai da mutumin da aka horar, aka kuma ba shi ikon cewa a tsaya. Jiragen zamani an raba layinsu kashi-kashi, kwamfuta ba ta barin jirgi ya shiga wani kashi sai na gabansa ya fita. A ranar 2 ga Yunin 2015, a Alton Towers ta Ingila, wani jirgin gwaji da babu kowa a ciki ya tsaya a tsakiyar layi. Kwamfuta ta yi aikinta, ta tsayar da komai. Ma'aikata suka ɗauka kuskure ta yi, suka tsallake umarninta, suka saki jirgi mai ɗauke da mutum 16, ya je ya yi karo da wanda ke tsaye. 'Yan mata biyu kowace ta rasa ƙafa ɗaya. Kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5 a 2016, kuma alƙali bai ɗora laifin a kan ƙananan ma'aikatan ba, ya ɗora shi a kan tsarin da ya bar su ba tare da isasshen horo da ƙa'ida ba.

Na Dreamworld a Ostireliya ya fi wannan ciwo. Ranar 25 ga Oktoban 2016, famfon da ke ba wani wasan kwale-kwale ruwa ya ɗauke. Ya riga ya ɗauke sau biyu a wannan rana, ana tayar da shi ana ci gaba da ɗibar mutane. A karo na uku ruwa ya ja baya, kwale-kwale guda ya maƙale, na bayansa ya hau kansa ya kife, mutum huɗu suka mutu. Ma'aikaciyar da ke kusa da maɓallin tsayar da injin a ranar aka koya mata aikin wurin. Binciken da aka fitar a 2020 ya nuna wasan ya yi shekara talatin ba a yi masa cikakken nazarin haɗari irin na injiniyoyi ba, aka ci kamfanin tarar dalar Ostireliya miliyan 3.6. Ina tambayarku, ranku ya daɗe: a wurinku, idan inji ya ɗauke sau biyu a rana mai cinkoso, layi ya yi tsawo, wa ke da ikon rufe shi? In ƙaramin ma'aikaci ya rufe, yabo zai samu ko faɗa? Amsar wannan tambaya ta fi duk takardun da kuka manna a bangon ofis muhimmanci.

Akwai kuma abin da ya faru a Carowinds ta Amurka a ƙarshen Yunin 2023. Wani baƙo ne ya ɗauki bidiyon tsaga a jikin ginshiƙin wani jirgi mai tsayin mita 99, ana ganin ƙarfen yana gocewa duk sa'ad da jirgi ya wuce da mutane. An rufe shi, an sauya ginshiƙin, ba wanda ya ji rauni. Na yaba da rufewar. Amma idon baƙo bai kamata ya riga idon ma'aikaci ba. Duk mai koke da ya zo muku da abin da ya gani, ku ba shi kujera ku saurare shi.

A wuraren da suka san darajar aikin, kafin a buɗe ƙofa da safe akwai mutanen da suke taka layin jirgin katako da ƙafa, tun daga tasha har ƙololuwa, guduma a hannu. Suna bugun katako suna sauraron ƙararsa, domin mai lafiya da ruɓaɓɓe amonsu ya bambanta. Suna neman ƙusar da ta ɗago kai, da notin da ya yi sako-sako. Bayan su sai a saki jirgi babu kowa, a gwada birki, a ja kowace sandar da ke danne cinyar fasinja a ga ta kulle. Lokacin da aka rufe wuri na shekara kuma, sai a kwance jiragen ɗaya bayan ɗaya har zuwa tayoyi. Waɗannan ma'aikata su ne ƙashin bayan sana'arku, kuma sau da yawa su ne ake fara ragewa idan ciniki ya ja baya. Tsohon makaniken da ya yi shekaru da inji ɗaya yakan ji canjin ƙararsa tun kafin na'ura ta nuna komai. Idan kuka bar shi ya tafi ba tare da ya koyar da na bayansa ba, kun yi asarar da ba a sayo madadinta.

Ba cewa nake duk tsohon abu sai an riƙe shi ba. A tarihin sana'arku akwai abubuwan da rabuwa da su alheri ne. A 1905 an kawo mutanen Igorot daga Filifin aka baje su a Luna Park ta Coney Island, ana biyan kuɗi a kalle su. An yi shekaru ana nuna masu naƙasa don a yi musu dariya. An kuma yi zamanin da wasu wuraren a Amurka ba sa barin baƙar fata su shiga. Sai dai ko wannan tarihi mai ɗaci, tsoffin kayan ne suke riƙe mana shi. A Glen Echo kusa da Washintan akwai lilon dawakan katako na 1921. A watan Yunin 1960 ɗalibai baƙaƙe suka hau dawakan nan suka ƙi sauka, aka kama biyar daga cikinsu, aka yi makonni ana zanga-zanga a ƙofar wurin, a shekarar da ta biyo baya aka buɗe shi ga kowa. An rufe wurin wasan a 1968, amma mutanen unguwar suka tara kuɗi suka hana a tafi da lilon. Yana nan yana juyawa, kuma yaron da ya hau shi yau ana iya nuna masa inda abin ya faru.

Idan kuma dole ta sa ku rabu da wani abu, akwai hanyar da ta fi guduma. Dawakan katakon nan da hannu aka sassaƙa su, ɗaya bayan ɗaya, kuma da yawansu sun watse ne saboda an ga sayar da su ɗai-ɗai ga masu tara kayan tarihi ya fi riba. Da gobara ta ci Idora Park a Ohio a 1984, aka yi gwanjon lilonsu na 1922 mai dawakai 48. Jane Walentas da mijinta suka saye shi dungurungum, ta shafe shekaru sama da ashirin tana kankare tsoffin fenti da 'yar wuƙa har ta kai ga launin asali, aka sake buɗe shi a bakin kogi a Brooklyn a 2011. Haka masu wurin wasa na Knoebels a Pennsylvania suka sayi wani jirgin katako na 1947 da aka yasar a San Antonio. Ba su samu zanen gininsa ba, sai suka rubuta lamba a jikin kowane katako, suka kwance shi, suka ɗauke shi a manyan motoci, suka sake haɗa shi a 1985. Yau yana cikin jiragen katako da masoya wannan wasa suka fi yabo a duniya. Kafin ku kira masu sayen tsohon ƙarfe, ku tambaya ko akwai mai so. Ku sanar da jama'a tun da wuri, ku ba su damar hawan ƙarshe, ku adana hotuna da zane da allon sunan. Mutanen da suka hau abin nan suna yara suna da haƙƙi a kansa, ko da ba su da hannun jari.

Ku kuma hukumomi, nauyin da ke kanku bai gaza na masu wurin ba. Ƙa'idoji na nan a rubuce: Turai na da EN 13814, akwai ta ƙasa da ƙasa ISO 17842, akwai na kwamitin ASTM F24 na Amurka. Abin da ke ƙaranci shi ne mai zuwa ya duba, wanda ya san aikin, wanda kuma ba mai wurin ne ke biyansa ya faɗi abin da ake son ji ba. Ko a Amurka, tun 1981 gwamnatin tarayya ta janye hannu daga sa ido a kan wuraren wasa na dindindin, aka bar wa jihohi, wasu na yi da gaske, wasu kuwa sama-sama. Ohio ta tsaurara dokarta a 2019, bayan an riga an rasa rai. Kada ku jira irin wannan dalili. Sufeton da ya zo ya leƙa daga ƙasa ya sa hannu ya tafi, ya fi rashin zuwansa illa, domin ya bar wa iyaye takardar da za su amince da ita.

Ga abin da nake nema a zahiri. Ku ware kuɗin gyara tun farkon shekara, kafin a yi maganar sabon lilo, kuma kada a taɓa shi don wani abu dabam. Kayan gyara su fito daga wanda ya ƙera injin ko wanda injiniya ya tantance, ba wanda ya fi araha ba. Kowane ma'aikaci, har wanda ya fara aiki jiya, a nuna masa maɓallin tsayarwa, a sa shi ya danna da hannunsa, a gaya masa a gaban kowa cewa ba za a hukunta shi don ya tsayar da inji ba. A bakin kowane lilo kuma ku kafa ƙaramin allo mai ɗauke da shekarar da aka ƙera shi, da ranar da aka yi masa binciken ƙarshe, da hukumar da ta yi. Mu iyaye za mu karanta, kuma idan muka tarar da lilo a rufe an rubuta cewa ana gyara, za mu lallashi yaranmu mu dawo wata rana.

Wassalam.

Naku,
Wani uba mai kai 'ya'yansa wuraren wasa